Kafin A Ɗaura Kaya Daga Bogo Zuwa Garwa: Me Ya Kamata Magidanci Ya Auna?



Ƙaura daga Bogo zuwa babban birni ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Duk shekara, da zarar an girbe masakwa an kai rumbu, akan samu magidanta da ke shirin kwashe iyali zuwa Marwa, ko Garwa, ko Ngaundare, wasu ma har Yawunde da Duwala. Dalilan sanannu ne: makaranta mai zurfi ga yara, babban asibiti, aikin albashi, da kasuwar da ke ci kullum, ba sai an jira Alhamis ba kamar kasuwar shanunmu. A da lissafin bai wuce kuɗin haya, kuɗin mota da jarin da za a fara da shi ba. Amma tun bayan zaɓen shugaban ƙasa na ranar 12 ga Oktoba, 2025, wata tambaya ta shigo cikin lissafin, musamman ga masu niyyar Garwa: shin garin zai zauna lafiya?

Abin da muke gani shi ne, ranar da gari yake lafiya ba ta nuna halinsa. Halin gari yana fitowa ne ranar da ya rikice: wace unguwa ce ke fara ɗaukar zafi, kwana nawa kasuwa ke yi a rufe, kuma wa ke tsaya wa baƙo. Wanda ya san amsar waɗannan kafin ya tashi, ya yi wa iyalinsa adalci.

Abin da ya faru a Garwa

A watan Yunin 2025, Issa Tchiroma Bakary, haifaffen Garwa, ya ajiye muƙaminsa na ministan samar da aikin yi da koyar da sana'o'i, ya fito takara a ƙarƙashin jam'iyyarsa ta FSNC. Bello Bouba Maigari na UNDP shi ma ya bar ƙawancen da ya daɗe yana yi da gwamnati ya fito. Kwana biyu bayan jefa ƙuri'a Tchiroma ya shelanta cewa shi ya yi nasara, gwamnati kuma ta ce Majalisar Tsarin Mulki ce kaɗai ke da hurumin faɗin sakamako. Ranar 27 ga Oktoba majalisar ta bai wa Paul Biya kashi 53.66 cikin 100, Tchiroma kuma kashi 35.19.

Makonnin nan sun yi wa mutanen Garwa nauyi. Matasa sun yi ta taruwa a kewayen gidan Tchiroma da ke unguwar Marouaré, an yi arangama da jami'an tsaro, an harba barkonon tsohuwa, an ji ƙarar bindiga, har harsashi ya ɗauki ran wata malamar makaranta. Zanga-zanga ta bazu zuwa Marwa, Duwala da wasu garuruwa, an rasa rayuka, an kama ɗaruruwan mutane, intanet ma ta yi ta ɗaukewa. A farkon Nuwamba aka kira zaman gida na kwana uku, shaguna da yawa suka kasance a kulle. Ranar 6 ga Nuwamba aka rantsar da Biya, mai shekara 92, a wa'adi na takwas, daga baya kuma gwamnatin Gambiya ta sanar cewa Tchiroma yana ƙasarta.

Ba mu kawo wannan don mu ce wane ya yi gaskiya ba. Magidancin da ke auna ƙaura yana buƙatar sanin abin da ya faru, ko wa ya zaɓa.

Me ya sa Garwa?

Zafin siyasar Garwa yana da tushe. A nan aka haifi Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, wanda ya miƙa mulki ga Biya a Nuwamban 1982. A 1983 aka raba tsohon lardin Arewa, wanda Garwa ce hedikwatarsa, gida uku: Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa. Bayan yunƙurin juyin mulki na ranar 6 ga Afrilu, 1984, an kama 'yan arewa da yawa, wasu an kashe su, wasu sun yi shekaru a kurkuku, cikinsu har da Tchiroma kansa. Ahidjo ya rasu a Dakar a 1989, kabarinsa kuma yana can har yau. Dattawan Garwa ba su manta da wannan ba, matasanta kuma sun ɗora masa nasu kukan na rashin aiki, tsadar rayuwa da lalacewar hanyar Garwa zuwa Ngaundare.

Duk da haka Garwa birni ce mai albarka. A nan hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton take. A 2022 aka kafa mata jami'a. Tana da manyan asibitoci, da filin jirgin da alhazanmu ke tashi, da filin wasa na Roumdé Adjia wanda ya karɓi wasannin cin kofin Afirka a Janairun 2022. Kogin Binuwai yana ciyar da dubban masunta da masu lambu. Wanda ya ce Garwa ba ta zaunuwa bai yi mata adalci ba, kamar yadda wanda ya ce babu abin dubawa ya yi sakaci.

Ba kowace wuta ake kashewa da ruwa iri ɗaya ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa kowane tashin hankali a kira shi "rikici" a wuce. A arewacin Kamaru muna da iri uku, kowanne da ma'auninsa.

Na farko shi ne na zaɓe, irin wanda Garwa ta gani. Wannan yana bin kalanda. Yana tashi lokacin kamfe, ranar jefa ƙuri'a da ranar faɗin sakamako, sannan ya lafa. Ana iya hango shi daga nesa. Zaɓen 'yan majalisar dokoki da na ƙananan hukumomi, wanda tun a 2024 aka ɗage shi, yana cikin ranakun da mai shirin ƙaura zai sa wa ido.

Na biyu shi ne na 'yan bindiga. Hare-haren Boko Haram a Kolofata, Fotokol da kewayen Mora ba su san kalanda ba, kuma Marwa kanta ta ga hare-haren ƙunar baƙin wake a watan Yulin 2015. Haka satar mutane don kuɗin fansa a dazuzzukan Mayo-Rey, wadda ta fi cin makiyaya da manoman auduga. Wannan nau'in ya fi tsanani a bakin iyaka da cikin daji, don haka wanda zai zauna cikin Garwa amma gonarsa ko garkensa yana wajen Touboro, lissafinsa biyu ne.

Na uku shi ne na ƙabilanci, wanda ke tasowa daga ruwa, ƙasa da makiyaya. Mu mutanen Bogo mun gan shi da idonmu. A Disamban 2021 faɗa tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma ya tashi a yankin Logone-Birni, ya kai Kusiri, aka ƙone ƙauyuka da kasuwar dabbobi, dubun dubatar mutane suka tsallaka Chadi. Wasu daga cikin waɗanda suka tsere a nan Ardjaniré aka sauke su. Wannan nau'in shi ya fi haɗari ga baƙo, domin ba a tambayarsa ra'ayinsa, harshensa da kamanninsa kawai ake dubawa.

Mai tunanin kudu kuwa, ya tuna Bamenda, inda Hausawa suka daɗe da kafa unguwa. Tun 2017 ranar Litinin ta zama ranar zaman gida, makarantu da yawa sun yi shekaru a rufe, iyalai masu yawa sun kwashe 'ya'yansu sun koma wasu garuruwa. Rikicin da aka zaci na 'yan watanni ne ya cinye karatun yara da dama.

Abubuwa biyar da za a auna

Unguwa kafin gari. A Oktoban 2025 ba duk Garwa ce ta yi zafi lokaci guda ba. Abin ya fi taruwa kusa da gidajen manyan 'yan siyasa, manyan shataletale, ofisoshin gwamnati da barikokin jami'an tsaro. Gidan haya mai araha a bakin irin waɗannan wurare yana iya zama mai tsada ranar da abu ya ɓaci. A tambaya: a makon sakamako, an yi salla a masallacin unguwar? Yara sun je makaranta? Mata sun iya zuwa ɗiban ruwa?

Sana'a. Mai albashi yana iya zama kwana uku a gida, ƙarshen wata ya karɓi kuɗinsa. Ɗan acaba, mai tebur a kasuwa, mai shayi da ɗan dako, abin da suka samu yau shi za a ci yau. A Bogo ko babu kuɗi akwai dawa a rumbu da nono a ruga. A birni rumbun shi ne aljihu. Wanda ba zai iya ciyar da gida mako biyu ba tare da ya fita ba, bai kammala shiri ba tukuna. Siyasar maƙwabta ma tana taɓa aljihun: da Najeriya ta cire tallafin man fetur a Mayun 2023, farashin man zuwa-zuwa ya yi tashin gwauron zabo a Garwa da Marwa, masu babur na haya suka ji a jikinsu.

Takardu. A ƙauye kowa ya san ɗan wane ne kai, lawan ko jauro zai shaide ka. A shingen jandarmomi na birni katin ɗan ƙasa ne ke magana, kuma lokacin kame wanda ba shi da kati shi ake fara ɗauka. Yaron da ba shi da takardar haihuwa kuwa zai gamu da cikas wajen rubuta jarrabawar CEP, kuma wannan matsala ta yi yawa a yankinmu. Neman hukuncin kotu da zai maye gurbin takardar ya fi sauƙi a inda aka haifi yaron, inda shaidu suke. A gama wannan kafin a tashi.

Samari. Mafi yawan waɗanda aka kama ko aka raunata a zanga-zangar matasa ne. Saurayin da ya baro Bogo, ba makaranta, ba sana'a, ba wanda ya san mahaifinsa, taron farko da ya gani zai iya jan sa, ko da kallo ya je. Kafin a kai shi birni, a san inda zai wuni: aji, ko shagon koyon sana'a, ko wurin malami. Ɗalibanmu da ke jami'o'in Marwa, Garwa da Ngaundare su ma su sani cewa abin da mutum ya rubuta ko ya tura a Facebook da WhatsApp yana iya kai shi gaban hukuma.

Hanyar dawowa. Kada a sayar da gonar karal da gida da shanu gaba ɗaya don a haɗa jari. A ba da aron gona ga ɗan'uwa, a bar 'yan dabbobi a hannun amintacce. Mutanen Ardjaniré sun koya mana bambancin wanda yake da wurin komawa da wanda ba shi da shi.

Daga ina ake samun labari?

Hausawa sun ce baƙon gari makaho ne ko da yana da ido. Saƙon murya da ke yawo a waya ba ya isa hujjar kwashe iyali, kuma ba ya isa hujjar fasa tafiya. Mai goyon bayan gwamnati zai ce komai lafiya, ɗan adawa zai ce gari ya ƙone, kowanne yana faɗin ɓangaren da ya gani. A nemi mutanen da aikinsu ke sa su san gari: limamin unguwa, shugaban makaranta, mai kantin magani, direban da ke bin hanyar Marwa zuwa Garwa, da matar da ta daɗe tana aure a can, domin mata sun fi sanin ranar da ruwa da gawayi suka gagara.

Wannan binciken yana da asali a tarihinmu. Lokacin da aka tsananta wa Musulmi a Makka, Manzon Allah (SAW) ya zaɓa musu Habasha ne saboda abin da aka sani na adalcin sarkinta Najjashi, ko da yake ba Musulmi ba ne a lokacin. Kafin hijirar Madina ma an yi mubaya'ar Aƙaba sau biyu, an kuma tura Mus'ab bin Umair (RA) ya zauna da mutanen garin. Dogaro ga Allah bai hana su aunawa ba.

Don haka shawararmu ita ce magidanci ya fara zuwa shi kaɗai. Ya yi wata biyu ko uku, ya kama sana'a, ya san maƙwabta, ya gabatar da kansa ga mai unguwa da limami, domin gani ya kori ji. Idan hankalinsa ya kwanta, ya kawo iyali lokacin hutun damina, yara su fara makaranta a Satumba tare da 'yan uwansu. Kada ya sa ranar ƙaura ta faɗo cikin makonnin zaɓe. Ya kuma zauna da uwargida ya faɗa mata gaskiyar abin da ya gani, domin ita ce za ta kasance da yara a gida ranar da hanya ta toshe shi kuma yana kasuwa. Bayan shawara sai istihara.

Nauyin da ke kan masu masauki

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan 'yan uwanmu da suka riga suka zauna a Garwa, Marwa da Ngaundare. Idan ɗan'uwa ya kira daga Bogo yana tambaya, a faɗa masa abin da ake ciki ba ƙari ba ragi. Kada kunyar a ce ba ka ci nasara a birni ba ta sa ka ƙawata masa abin da kai kanka kake kuka da shi. Kwamitocin masallatai za su iya sanin sababbin iyalan da suka sauka a unguwa, su nuna musu makaranta da asibiti, su haɗa samarinsu da masu sana'a. Iyalin da maƙwabta suka sani da suna, akwai mai ƙwanƙwasa musu ƙofa ranar tsoro.

Allah Ya zaunar da Garwa, Marwa, Bogo da Kamaru baki ɗaya lafiya. Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya kuma yi wa duk mai niyyar tafiya zaɓin abin da ya fi alheri gare shi da iyalinsa. Amin.