Ka Taka Totur Mota Tana Nauyi? Dakata Kafin Ka Sayi Sabon Turbo

Wasiƙar wannan mako daga Kalakla ta zo, can kudancin Khartum. Wani Alhaji da ke jigilar kaya tsakanin kasuwar Laffa da Suk Libiya ta Omdurman ya ce Hilux ɗinsa mai shan dizal, wadda mutanen Sudan ke kira boksi, ta yi kusan shekara biyu a ajiye tun ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023. Da ya dawo ya tayar da ita, sai ta zo da sabon hali: in ya taka totur sai ta yi jim kamar mai tunani, can kuma ta fizga. Rannan a hanyar Madani ya fito zai wuce tirela, motar ta ƙi amsawa, ga bas tafe a gabansa. Allah ne ya kiyaye. Usta ya ce masa turbo ya mutu, a kawo sabo.

Alhaji, kada ka ƙirga kuɗin tukuna.

Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta cusa iska cikin inji. In aiki ya yi zafi, juyinsa kan haura 100,000 a minti. To, idan inji yana tafiya a hankali, hayaƙin bai isa ya kaɗa fankar ba, dole a ɗan jira. Wannan jinkirin halittarsa ce, kowace mota mai turbo tana da shi. Direban da ya ɗora buhunan dawa, yana giya ta biyar, allurar juyin inji tana ƙasa da 1,500, sannan ya ce zai wuce tirela, laifinsa ne. Sauke giya, allura ta kai wajen 2,000, sa'annan ka fito.

Amma kai ka san motarka, ka ce da ba haka take ba. Saboda haka akwai ciwo, sai mu bi shi daga mai araha zuwa mai tsada.

Fara da filtar iska. Duk wanda ya zauna Khartum ya san habub, ƙurar nan da ke mayar da la'asar dare kafin damina. Filtar da ta sha habub biyu uku ta toshe, turbo kuma ba ya cusa iskar da bai samu ba. Ciro ta, ɗaga ta ga rana. In haske ba ya ratsawa, canza ta. Yaran gareji na son hura ta da iskar kwamfaresa da ƙarfi, wannan kuwa yana yaga takardar, yashi ya wuce kai tsaye ya cinye haƙoran fanka. Mota da yawa ta wannan ƙofar ta rasa turbonta.

Inda na fi zargi a motarka shi ne tiyo. Robar da ta yi shekara biyu tana shan zafin Khartum ba aiki sai ta bushe ta tsage, ɓeraye ma sukan yi gida a injin da aka ajiye. Bi kowane tiyo da hannu, daga turbo zuwa intakula, wato ɗan lagireton da ke sanyaya iska, har bakin inji. Duk inda ka ga danshin baƙin mai da ƙura ta manne, nan iska ke tsiyaya. Alamarsa fito ko huci in an taka totur, da baƙin hayaƙi, domin mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Wani lokacin ma zoben ƙarfen da ke ɗaure tiyon ne kawai ya saki. Kada a manta siririn tiyon da ke zuwa wajen ƙofar da ke daidaita ƙarfin turbo. Bai kai ɗan yatsa kauri ba, amma in ya tsage sai mota ta zama jaki.

In babu hayaƙi, sai dai kasala, koma wajen mai. Dizal ɗin da ya daɗe a tanki yana tara ruwa da dauɗa, balle wanda aka saya a jarka bakin titi. A zubar da ruwan ƙasan filtar mai, a sa sabuwa. Daga nan a buɗe bawul ɗin EGR da ƙaramar na'urar da ke auna matsin iska a kan inji, a wanke kunkunniyar da ta daskare a kansu. Gareji mai kwamfuta zai nuna maka ko matsin iskar ya kai ko bai kai ba.

Sai an gama duk wannan ake tuhumar turbo, kuma a gabanka. Inji a kashe, ya huce, a cire tiyon gaba, ka kama sandar fanka da yatsu. Ɗan motsi gefe da gefe ba komai. In tana shiga tana fita, ko fanka na gogar jikin gidanta, ko haƙoranta sun cinye, ga shuɗin hayaƙi, ga baƙin mai na raguwa, to usta ya yi gaskiya. Ko a nan ka nace a canza bututun da ke kai masa baƙin mai, da man kansa da filtarsa, in ba haka ba abin da ya kashe tsohon zai kashe sabon.

Ga masu doguwar hanya, musamman masu hawan tsaunin Akaba daga Sawakin zuwa Sinkat da kaya niƙi-niƙi: in ka tsaya, bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin ka kashe, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone ya daskare. Da safe ma haka, ba shi ɗan lokaci mai ya zagaya.

Alhaji, har a gano ciwon, ka haƙura da wuce tirela a hanyar Madani. Ka rubuto mana abin da aka samu, mu sanar da 'yan'uwan da su ma suke tayar da motocinsu da suka daɗe a ajiye.