Sabon Mai Doki Da Sayen Kayan Hawa

Kowace shekara idan azumi ya raba tsakiya, sai a ga rumfunan masu kayan doki a Kasuwar Kurmi ta Kano sun cika da baƙin fuska. Yawancinsu samari ne da 'yan kasuwa waɗanda Allah ya buɗa wa suka sayi dokinsu na farko, suna ɗokin shiga ayarin hakimi ran hawan Salla ko hawan Daushe. Ga shi kuma hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024, abin da ya daɗa wa hawan martaba.

To, irin wannan mutum da zarar ya shiga rumfa sai idonsa ya faɗa kan jalala da suka-dubu da kayan adon ƙirji. Nan zai zuba kuɗinsa, ɗan abin da ya saura ya sayi sirdi kowane iri. Alhali kuwa doki bai san jalala ba. Abin da ya ke ji a jikinsa shi ne zubka da sirdi da majayi da linzami.

Sirdin ƙasar Hausa itace ne masassaƙi ya sassaƙa, baduku ya rufe da fata, da ƙwacciya gaba da baya. Itace kuwa ba ya lanƙwasa ya bi jikin dabba, don haka sirdin da ya zauna daram a kan wani doki yana iya zame wa wani azaba. Wajibi ne ya kwanta bisa naman da ke gefe biyu na ƙashin baya, kada ya taɓa ƙashin kansa, kada kuma ya danne tudun kafaɗa inda geza ta ƙare. Gwajin ba wuya: a ɗora sirdin ba zubka, a duba ko yatsu biyu ko uku za su shige ƙarƙashin ƙwacciyar gaba. Bayan an yi kilisa an kwance, sai a duba gumi. In baya ya jiƙe amma wani wuri ya bushe, to nan ne sirdi ya ke matsa, nan kuma miki zai fito. Farin gashin da a kan gani tsibi-tsibi a bayan jan doki ko akawal, sau da yawa tabon irin wannan mikin ne. Mikin baya ya kan ci makonni bai warke ba, tsakanin rabin azumi da Salla kuwa mako biyu ne kacal.

Zubka a riƙa shanya ta, a kakkaɓe kafin a ɗora, gama ƙarangiya ɗaya ta isa ta sa doki mai sanyin hali ya kā da mahayi. Ba a kuma yawo da ita daga doki zuwa doki, saboda cutar fata.

Majayi yana cikin mafi araha a kayan nan, amma ran mahayi a kansa ya ke. Doki ya kan kumbura ciki sa'ad da a ke ɗaurewa, saboda haka a ja kaɗan, a taka da shi, sa'an nan a ƙara ja. Hunturu yana busar da fata har ta tsage, sai a riƙa shafa mata man kaɗe ana duba ɗinki. Sirdi ya juya ana tsakiyar sukuwa, da dawaki a biye, ba ƙaramin hatsari ba ne.

Sai batun linzami, inda sababbin mahaya suka fi zaluntar dabba ba da saninsu ba. Linzaminmu na gargajiya yana da zobe mai zagaye haɓa da wani ƙarfe mai tokarar ganɗa, an ƙera shi ne don ya tsai da doki cak ana cikin gudu, kamar yadda a ke gani wajen jafi. Gwani da ƙyar ya ke motsa kamazuru. Ɗan koyo kuwa da shi ya ke riƙe kansa kada ya faɗi, shi ya sa a ke ganin jini cikin kumfar bakin dokinsa. An ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A hannun ɗan koyo har na doki ma ya fi ƙarfi. Gara ya soma da sassauƙa mai gaɓa a tsakiya, ya ajiye kaimi sai hannunsa ya faɗa.

Likkafa ta ɗan fi ƙafa faɗi, don in an faɗi ƙafa ta zare, kada doki ya ja mutum a ƙasa. Hular kwano kuma ba abin kunya ba ce wajen kilisa. Masu ƙwallon dawaki a Katsina da Kaduna, waɗanda ba a raina hawansu, ba su shiga fili sai da ita.

Ragama da igiya da turke mai ƙwari su ne kayan yau da kullum, tun ran da doki ya kwana a barga a ke bukatarsu. Ranar zuwa kasuwa kuwa a tafi da tsohon ɗan barga, a kuma yi sharaɗi da mai rumfa tun kafin a biya, cewa in sirdi bai zauna ba za a komo da shi a musanya.