Sunayen Da Ba Su Shiga Jarida Ba

Aikina a zauren maigidana, nan Ekoudou, rubutu ne: wasiƙa, takardar sulhu, sunan baƙo da garin da ya fito. A shekarun da yaƙin Boko Haram ya tsananta a jihar Arewa Mai Nisa, wasu irin baƙi suka fara sauka unguwarmu, tsofaffi da mata, kowa da hoton ɗa ko na miji ƙunshe cikin leda, suna neman mai raka su kurkukun Kondengui ko Allah zai sa a dace. Na rubuta sunaye da dama. Ko ɗaya ban gani a jarida ba.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Boko Haram ta kashe mutanenmu a Fotokol da Marwa, kuma sojojin da suka faɗi a fagen fama 'ya'yanmu ne. Amma wanda aka kama bai zama mai laifi ba sai alƙali ya tabbatar.

A ranar 27 ga Disamba 2014 aka kwashe maza fiye da 200 daga ƙauyukan Magdeme da Double. Hukuma da kanta ta amsa cewa 25 sun mutu a tsare a daren farko, kuma ƙungiyar Amnesty International ta ce fiye da 130 sun ɓace. A watan nan aka ɗauke yara 84 daga makarantun allo na Guirvidig, suka yi wata shida a tsare. A Yulin 2017 Amnesty ta kawo bayanin mutum 101 da ta ce an azabtar, galibi a barikin Salak kusa da Marwa da wani wurin tsaro a nan Yawunde. Gwamnati ta musanta. To, tsakanin zargi da musu, wa ya kamata ya bi diddigi in ba ɗan jarida ba?

Na san tsoro gaskiya ne. An kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa ranar 30 ga Yuli 2015. Kotun soja ta yanke masa shekara 10, sai a Disamba 2017 ya fito bayan ɗaukaka ƙara. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Amma wanda tsoro ya hana shi magana yana da uzuri. Wanda ya karanta sanarwar hukuma tamkar hukunci, ya kira kamamme ɗan ta'adda tun kafin shari'a, ba shi da shi.

Mu tuna 2018, lokacin da bidiyon harbe mata biyu da yara biyu ya bazu. Kakakin gwamnati ya ce ƙarya ce. Masu binciken BBC suka gwada duwatsun da ke cikin hoton da taswira, suka nuna cewa kusa da Zelevet ne. A 2020 kotun soja ta ɗaure sojoji huɗu shekara 10. Hujja ce ta kawo wannan, hayaniya ba ta kawo ba.

Mu ma da namu laifin. Mukan tura hoton azaba a WhatsApp ba mu san ƙasar da aka ɗauke shi ba, alhali Suratul Hujurati ta umarce mu da tantance labari. Kowace ƙaryar da muka yaɗa tana ba mai musu mafaka.

Abin da nake roƙon 'yan jaridarmu kaɗan ne. In kun ba da labarin kamu, ku koma bayan wata shida ku tambaya: yana ina, an kai shi kotu, yana raye? In an sallame shi ba laifi, ku faɗa da ƙarfin muryar da kuka faɗi kamunsa, domin da wannan tabon zai koma garinsu neman aiki da aure.

Allah Ya fitar da wanda aka zalunta, Ya ba ƙasarmu lafiya.