Bahaushe Da Lafazin Sifaniyanci: Hanyar Ingila Zagaye Ce

Duk ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona, gidajen kallon ƙwallo na Wunti da Yelwa a garin Bauchi sukan cika maƙil, ba masaka tsinke. Sunayen 'yan wasa na tashi daga bakin samari kamar 'yan unguwarsu. Amma da mutumin Sifaniya zai tsaya a bakin ƙofa ya kasa kunne, da ƙyar zai gane sunayen mutanen ƙasarsa, domin sun iso Bauchi ne ta bakin Turawan Ingila masu sharhin wasa.

Wannan shaƙuwa ba yau ta fara ba. A 1999 Bauchi na cikin garuruwan da suka karɓi gasar ƙwallon matasa ta duniya, wadda Sifaniya ta ci kofinta da su Xavi da Casillas. Yanzu kuwa akwai samarin da sha'awarsu ta wuce kallo, suna son koyon harshen kansa. Ba su yi wauta ba. Mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a bakinsu, yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma shi ake yi a maƙwabciyar Nijeriya, Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami mulkin kai daga Sifaniya a 1968.

Abin da ke kawo cikas shi ne, yawancin littattafai da darussan wayar hannu da ke isowa hannun mai koyo an shirya su ne domin wanda Ingilishi ne harshensa. Sai a ga ɗalibi yana shan maganin cutar da ba ta kama shi ba, tasa kuwa tana nan tana cinsa.

A ɗauki wasula. Sifaniyanci wasula 5 gare shi, a, e, i, o, u, kuma kowanne da sauti ɗaya tak, yadda yaro ke karanta su a ajin Hausa. Bature yakan sha wuya a nan, don ya saba lanƙwasa wasali, ya ce "nou" a maimakon "no". Bahaushe abin da zai kiyaye kurum shi ne kada ya ja wasalin, ya bar shi gajere. Kalmar Real ma "re-al" ce, gaɓa biyu, ma'anarta "ta sarauta", laƙabin da Sarki Alfonso na 13 ya ba ƙungiyar a 1920. Daga wannan kalma ce sunan riyal ya samo asali, kuɗin da alhazai ke kashewa a Makka.

Sai harafin r, wanda ya fi kowanne ba Turawa tsoro. Ana bambanta "pero", wato amma, da "perro", wato kare, da bugun harshe sau ɗaya ko kaɗa shi. Wanda ya iya cewa "arba'in" da "tarbiyya" ya riga ya mallaki kaɗawar tun yana goye. Haka harafin ñ na España, sautinsa na nan cikin "hanya" da "kanya". Harafin j kuwa ba na "jaki" ba ne. Sauti ne na maƙogwaro, irin na farkon Khalid da Khadija a bakin wanda ya iya Larabci, don haka duk wanda ya riƙe allo a gaban malam zai furta José da Juan daidai. Har v ɗin nan da ke wahalar da ɗalibai a ajin Ingilishi, a Sifaniyanci sautinsa ɗaya da b.

Kusancin ya kai har ga kalmomi. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, suka bar kalmomin Larabci da yawa a harshen. Magajin gari a can "alcalde" ne, tushensa ɗaya da alƙali. "Azúcar" ɗan'uwan sukari ne, "aceituna" kuwa ita ce zaitun.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Sunan nan Sifaniya kansa ya tona asirin Bahaushe sau biyu: ya mai da p ta zama f, ya kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe. Wannan ya halatta a Hausa, amma a can yana ɓata magana, domin "pino" itace ne, "fino" kuwa abu ne siriri. Dole ɗalibi ya koyi rufe leɓe gam kafin ya saki p, ya kuma daina cewa "Madirid". Harafin h ba a furta shi sam, gaisuwar "hola" "ola" ce. Akwai kuma nauyin gaɓa: "papa" dankalin Turawa ne, "papá" kuwa baba. Wanda kunnensa ke rarrabe gari na zama da garin tuwo ba zai kasa jin wannan ba, in an nuna masa.

Saboda haka hanya mafi sauƙi ga mai koyo ita ce ya karanta kalma da idon Hausa, ya saurari masu harshen da kansu a rediyo ko a waya, ya ware minti 10 kullum domin p da h da nauyin gaɓa. Malaman harsuna kuma ya kamata su rubuta ɗan littafin lafazi wanda zai ɗauki ɗalibi daga Hausa kai tsaye.

Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan na Bauchi, ya yi suna a duniya wajen tsabtar lafazin Ingilishi, bai kuma hana shi rubuta Shaihu Umar da Hausa ba. Jikokinsa masu neman harshe na uku ba su da dalilin raina na farko, tun da shi ne ya fi kusa da inda za su. Allah ya ba mai nema sa'a.