Makin da ba ya auna ilimi

Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta yi alƙawarin cewa ba za a ƙara rataya makomar ɗalibi a kan zama ɗaya a zauren jarrabawa ba. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4, an ce malami zai riƙa bibiyar yaro tsawon shekara, yana auna abin da ya iya a aji, a gonar makaranta da ɗakin gwaje-gwaje. Sama da shekara 40 ke nan, kuma kowa ya ga abin da alƙawarin ya koma: gwaji biyu ko uku a zango, tambayoyi daga abin da aka kwafa a allo, yaro ya haddace daren jiya, ya zazzage yau, ya manta jibi. A wasu makarantun ma malami ne zai zauna ƙarshen zango da rajista a cinya, ya cike gurbin maki da ka.

Ba mu ce a soke WAEC ko NECO ko JAMB ba. Ƙasa mai ɗalibai miliyoyi tana buƙatar ma'auni ɗaya. Damuwarmu ita ce ɗalibar da ta ci kiredit a Kimiyyar Sinadarai alhali ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, da yaron da ya ci Turanci amma rubuta wasiƙar neman aiki ta gagare shi. Tela ba ya yaye almajirinsa don ya lissafa sassan keke. Sai ya yanka yadi ya ɗinka riga an sa ta zauna. Muddin takarda kaɗai ake nema, satar amsa ba za ta rasa kasuwa ba.

Laifin ba na malamai kaɗai ba ne. Manufar ta tanadi ɗalibai 40 ga malami ɗaya a sakandare, amma a makarantun gwamnati da dama na biranenmu aji kan haura ɗari, wasu a zaune a ƙasa. Wa zai duba aikin hannun yara ɗari ɗaya bayan ɗaya?

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohi su ɗauki malamai, su sa kayan aiki a ɗakunan gwaje-gwaje. Su kuma ma'aikatun ilimi su wajabta wa kowane ɗalibi aiki na zahiri a kowane zango, ko shuka ce ya rena, ko rahoto ya rubuta kan rijiyar unguwarsu, ya tsaya gaban aji ya kare shi. Sufetoci in sun zo, su nemi ganin aikin da idonsu kafin su sa hannu a makin.