Tukunyar Kashe Gobara da Ba a Taɓa Aunawa Ba

A yawancin ofisoshi da ɗakunan shan magani daga Batsari har Safana, jar tukunyar kashe gobara ta zama kayan ado. Ɗan kwangila ya kawo, an sa hannu, an rataye ta a bango. Daga ranar babu mai sake tambayar abin da ke cikinta.

Tukunyar iskar kabon, mai baƙin ƙaho a baki, ita ta dace da wutar da ta tashi daga janareta ko wayoyin lantarki, domin ba ta ɗaukar lantarki, ba ta kuma ɓata kayan aiki. Sai dai ba ta da agogo. An matse iskar ta zama ruwa, matsinta kuwa ba ya nuna yawan abin da ya rage. Sikeli kaɗai ke faɗin gaskiyarta: idan ta rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da aka zuba, sai a sake cika ta.

Cikawar ma ba aikin ido ba ne. Famfo ke tura ruwan daga babban tanki zuwa tukunyar da ke zaune kan sikeli, a tsayar da shi da zarar nauyi ya kai. A zafin digiri 20 matsin ya kusa ninka na iskar sarari sau 57. Da zafi ya haura 31, ruwan ya daina zama ruwa, matsin ya yi ta hauhawa. Shi ya sa ake zuba gram 667 a kowace lita a ƙasashe masu zafi, maimakon 750. Wanda ya cika ta da kintace a bazarar Ruma, inda zafi ke wuce 40, bam ya sayar.

Za a ce yankin da 'yan bindigar dajin Rugu suka addaba yana da abin da ya fi wannan ciwo. To, ai hanyar da ba ta biyuwa da dare ita ce motar 'yan kwana-kwana za ta biyo daga Katsina. Babbar kasuwar Katsina ma, da ke tsakiyar gari, ta ƙone a watan Maris na 2021.

Gwamnatin jiha ta kafa injin cikawa guda a Batsari, da ma'aikaci mai horo, da sikelin da zai zagaya da shi har Safana, a rubuta nauyi da kwanan wata a jikin kowace tukunya.