Harajin Albashi Da Haƙƙin Mai Iyali

Ran 26 ga watan Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a Abuja. Wadda ta shafi albashi ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026. Maganar ta shafi duk ɗan Arewa da neman abinci ya kai shi Ikko ko Badun ko Anacha ko Fatakwal, musamman mai albashin da ake cire masa haraji tun kuɗin bai iso hannunsa ba.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, kuɗin nan da ake cirewa wata-wata kafin alƙalami ne kawai. Sai shekara ta ƙare ake yin lissafin gaskiya. Doka ta ɗora wa kowane mai samu ya kai bayanin abin da ya samu a bara ga ofishin haraji kafin ƙarshen watan Maris. In an cire fiye da kima yana da ikon neman a mayar masa, in kuwa bai kai ba sai ya cika. Wanda bai kai bayani ba ya yafe haƙƙinsa da kansa, ga kuma tara tana jiransa.

A sabuwar dokar, Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari. An kuma ba masu zaman haya rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, amma ba zai wuce Naira 500,000 ba. Misali, direban kamfani a Agege mai albashin Naira miliyan 2 a shekara, wanda ke biyan hayar Naira miliyan 1.2, harajinsa zai sauko daga Naira 180,000 zuwa 144,000. Amma fa sai ya bayyana hayar ya nuna shaida. To, mutanenmu nawa ne ke neman rasit wajen mai gida? Galibi da baki ake gamawa, sai ranar lissafi a rasa abin nunawa.

A kuma sani, harajin mutum na jihar da yake zaune ne. Mazaunin Idi-Araba Jihar Ikko zai biya, ko da matarsa da 'ya'yansa suna Kazaure. Haka ma'aikacin Abuja mai kwana a Suleja ko Mararraba, nasa na Neja ne ko Nasarawa.

Inda dokar ta gaza shi ne wajen yara. A da akwai rangwamen Naira 2,500 a kan kowane yaro, har yara huɗu. Kuɗin ya daɗe da zama abin dariya, amma maimakon a ƙara shi sai Dokar Kuɗi ta 2019 ta shafe shi, sabuwar kuma ba ta maido da shi ba. Yanzu gwauro da magidanci mai 'ya'ya shida, in albashinsu da hayarsu ɗaya ne, harajinsu ɗaya. Wannan ba adalci ba ne, balle ga wanda ke riƙe da gida biyu, ɗaya a Kurmi ɗaya a Arewa.

A Amurka, cikin 2021, gwamnati ta ba iyaye rabin rangwamen yaransu tun kafin shekara ta ƙare. Daga Yuli zuwa Disamba ana aika musu har dala 300 kowane wata a kan yaron da bai kai shekara 6 ba, da dala 250 a kan mai 6 zuwa 17. Da lokacin lissafi ya zo a 2022, kowa ya haɗa abin da ya karɓa da abin da ya cancanta. Mai saura ya karɓi cikonsa, wanda aka ba fiye da kima ya mayar, sai masu ƙaramin ƙarfi da aka ɗauke wa.

Ba a ce Nijeriya tana da aljihun Amurka ba. Amma Majalisar Tarayya tana iya maido da rangwamen yara, ta ɗaura shi a kan wani kaso na albashi yadda tsadar kaya ba za ta cinye shi ba. Kafin nan, ya kamata sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da shugabannin ƙungiyoyi su samo masu ilmi da za su riƙa taya jama'a cika takardun nan tun daga watan Janairu.